Pon ɗin mota: yaushe ake juye mansa, nawa ake kashewa?



A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ƙarfe da ke ƙarƙashin mota. Wani zai ce: "Ni manomi ne, ko keke ba ni da shi. Ina ruwana da cikin mota?" Da ruwanka, ɗan uwa. Motar kasuwa ce ke kai wakenka da riɗinka Tasawa. Ita ke kawo maka taki. In haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ita ake nema a kai mace likita. Ran da ta mutu a daji, buhunka ne ke kwana a kan hanya. Kuɗin gyara kuwa daga aljihun fasinja yake fita, don mai mota zai ƙara kuɗin ɗauka.

Ban da wannan, yanzu akwai gidaje da yawa da ɗansu ya je cirani, ya dawo ya sayi tsohuwar mota ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Akwai ƙungiyoyin manoma da suka yi karo-karo suka saya. Irin wannan dukiya kamar san noma take. Wanda bai san cimarta ba, ba zai daɗe da ita ba.

Kowane direba ya san juyen man inji. Amma akwai wani mai da ake mantawa da shi shekara da shekaru, sai ran da ya yi ɓarna a tuna. Shi ne man pon.

MENE NE PON?

Ku durƙusa a bayan akori-kura, irin su Hilux ko Peugeot 504, ko bayan bas Hiace, ku leƙa. Za ku ga wani ƙarfe ya miƙe daga ƙafar hagu zuwa ta dama. A tsakiyarsa akwai ƙullutu kamar tukunya, ko babbar kabewa. Masu gareji a ƙasarmu suna ce masa pon, daga faransanci. A Najeriya za ku ji ana cewa aksul. Daga gaba kuma wata doguwar sanda ta taho daga akwatin giya ta shiga cikin tukunyar. Ita ce farfela, wasu su ce kardan.

Cikin tukunyar nan ƙarafa ne masu haƙora. Akwai ƙarami a bakin farfela. Akwai babba mai kama da faifai, wanda ƙaramin ke juyawa. A cikin cikin babban kuma akwai wasu ƴan ƙanana da ke raba ƙarfi ga ƙafafu biyu. Dukansu cikin mai suke wanka.

Aikin pon iri 3 ne.

Na ɗaya, yana karya ƙarfin inji kwana. Farfela a tsawon mota take, ƙafafu kuwa a gicciye suke.

Na biyu, yana rage gudu ya ƙara ƙarfi. A ƙananan motocin kaya, farfela takan juya kusan sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Na uku, yana barin ƙafar hagu da ta dama su yi gudu daban-daban. Wannan shi ne babban aikinsa, bari mu yi bayani.

DARASI DAGA SHANUN HUƊA

Duk wanda ya yi huɗa da shanu ya san wannan. In an kai ƙarshen kunya za a juya, san da ke ciki kusan tsayawa yake yi, na waje kuwa sai ya zagayo da sauri. In ka tilasta musu tafiya daidai, sai ƙota ta karye ko sa ya faɗi.

Haka ƙafafun mota suke. Tsakanin tayoyin baya na akori-kura ya kai mita ɗaya da rabi. In motar ta yi kwana ta koma inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 5. Amalanke ba shi da wannan damuwa, don kowace ƙafa sake take, dabba ce ke ja daga gaba. Mota kuwa ƙafafunta ne ke tura ta, dole inji ya riƙe su duka biyu, kuma dole ya bar kowace ta yi nata gudu. Ƴan ƙananan haƙoran nan su ke sasanta wannan. Dabarar ta tsufa. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistarta tun a shekarun 1820, kafin a san motar fetur.

Ba kowace mota ke da pon ɗaya ba. Kat-kat, irin su Land Cruiser, tana da biyu, gaba da baya, da wani ƙaramin akwati a tsakiya mai raba musu ƙarfi. Duka ukun suna shan mai. Ƙananan motoci masu ja da ƙafafun gaba, irin su Starlet, nasu yana cikin akwatin giya. Babur mai ƙafa uku na kaya, wanda ke da sanda maimakon sarƙa, shi ma yana da ƙaramin pon a baya.

ME MAI YAKE YI A CIKI?

Haƙoran pon suna gugar juna da nauyin mota da na kaya duka. Mai ne ke shiga tsakaninsu ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Shi ke kwashe zafi. Shi ke hana tsatsa. Shi ke jiƙa boris, wato ƙwallayen ƙarfe da sanduna ke juyawa a kansu, waɗanda wasu ke kira rulma.

Ku lura da wannan: inji yana da matacin mai, yana kuma da fitila a gaban direba mai nuna in mai ya yi ƙasa. Pon ba shi da mataci, ba shi da fitila. Duk dattin da ya shiga, a ciki yake zama. In mai ya zube, ba abin da zai gaya wa direba sai kuka. Kuma lokacin da aka ji kuka, ɓarna ta riga ta soma.

ABOKAN GABA 4 A ƘASARMU

1. Zafi. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Pon kuwa ya fi haka zafi nesa in mota na jan kaya. Zafi yana tsinka mai, yana tsufar da shi da wuri.

2. Rairayi. In aka bar kwaltar da ta ratsa Tasawa daga Maraɗi zuwa Damagaram aka nufi ƙauyuka, yawancin tafiya cikin jigawa ce. Mota tana nishi da ƙaramar giya, pon yana ɗaukar zafi. In ta kafe, sai ku ga taya ɗaya tana juyawa a banza, ɗayar tana tsaye. A wannan lokaci mai juyawar tana gudu ninki biyu, ƴan ƙananan haƙoran ciki suna shan wuya ƙwarai. Direban da ya yi ta taka wuta yana ƙona su ne. In tayar ta kama ƙasa mai tauri farat ɗaya, sanda na iya tsinkewa ko haƙori ya ɓalle.

3. Ruwa. A saman pon akwai wata ƴar ƙaramar ƙofa ta numfashi, mai hula kamar kan yatsa. Da damana mota takan taho da zafinta ta faɗa tabki ko ruwan kwari, kamar a wajajen Gulbin Kaba. Ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, sai pon ya zuƙi ruwa ta ƙofar numfashi ko ta bakin roba. Mai da ruwa in suka haɗu, sai su koma kamar kunu. Irin wannan mai ba ya kare haƙori, tsatsa yake kawowa.

4. Lodi. Akori-kura an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhu 10 na kilo 100, har da nauyin mutanen da ke kai. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa. Duk abin da ya ƙaru, a kan haƙora da boris yake sauka.

YAUSHE AKE JUYE MAN PON?

Kowace mota tana da littafinta daga masu ƙera ta. In kuna da shi, ku bi shi. Ga ƙananan motocin kaya da kat-kat, yawanci ana cewa a juye tsakanin kilomita dubu 40 da dubu 60. Wannan lissafi na mai tafiya a kan kwalta ne da kaya daidai. Littattafan da kansu suna cewa in mota tana aikin wahala, cikin ƙura da ruwa da nauyi, a rage. Ga irin hanyoyinmu, ku ɗauki kilomita dubu 20 zuwa dubu 25.

To, amma agogon kilomita na yawancin motocinmu ya mutu tuntuni. Yaya za a yi? A yi lissafi da kasuwa. Mu ɗauka mota tana cin kasuwa 5 a mako, kowace rana kilomita 100 zuwa da dawowa. A mako kilomita 500 ke nan. A mako 52, kilomita dubu 26. Kun ga shekara ɗaya ta isa juye.

Saboda haka ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: sau ɗaya a shekara, da ɗaukewar ruwa, kafin a soma jigilar kaka. Dalili biyu ne. Ruwan da ya shiga da damana zai fita kafin ya yi tsatsa. Kuma mota za ta shiga watannin lodin hatsi da wake da gujiya da sabon mai.

Akwai lokutan da ba a jiran shekara:

In kun sayi tsohuwar mota, ku juye a makon farko. Ba ku san yaushe mai ita na da ya juye ba, ko da ya rantse.

In mota ta shiga ruwan da ya kai cibiyar taya, a buɗe a duba washegari. In mai ya yi fari, a juye nan take.

In an sa sababbin haƙora, a juye bayan kamar kilomita dubu ɗaya, don sabon ƙarfe yana zubar da gari. Sabon babur mai ƙafa uku ma haka, a yi masa juyen farko da wuri.

Dubawa kuwa daban take da juyewa. A duba yawan mai sau ɗaya a wata, ko duk ran da aka juye man inji. Dubawa ba ta cin ko dala.

YADDA AKE DUBAWA

A tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse ko kututture gaba da bayan taya. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A bari ƙarfe ya huce.

A jikin tukunyar akwai noti 2. Na ƙasa na zubarwa ne. Na gefe, wajen tsakiya, na zubawa ne. A goge ƙasar da ke kewaye da na gefen da tsumma, a kwance shi, a sa ɗan yatsa. In mai ya cika, yana nan daidai bakin rami. In yatsa ya lanƙwasa bai taɓo mai ba, ya yi ƙasa, kuma akwai inda yake yoyo.

A duba launin abin da ya biyo yatsa. Mai lafiya yana kama da zuma ko ya ɗan fi ta duhu. Baƙi ƙirin mai ƙaurin ƙuna ya gaji. Fari kamar kunu ya sha ruwa. In yana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe, a tafi gareji. Warin man giya kamar na ɓaragurbi yake tun yana sabo, wannan ba laifi ba ne, maganin da aka sa masa ne.

Kafin a tashi, a taɓa hular ƙofar numfashi. Ya kamata ta motsa. In laka ta toshe ta, a wanke. In ta toshe, iska mai zafi ba ta da mafita, sai ta tura mai ta bakin roba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YADDA AKE JUYEWA

Ana juyewa bayan mota ta ɗan yi tafiya, don mai ɗumi ya fi saurin fita da datti.

A fara kwance notin zubawa, na gefe. Wannan dokar masu gyara ce. In ka zubar da mai tukuna, sannan na gefe ya ƙi kwantuwa, ka tsayar da motarka da hannunka.

A tara kwano, a kwance na ƙasa, a bari ya tsiyaye sarai. A yawancin motoci notin ƙasa yana da maganaɗisu. In an ga laushin gari mai toka-toka a kansa, ba komai, a goge. In an ga gutsattsari kamar tsakin hatsi, haƙori ko boris ya fara ci.

A mayar da notin da sabon zoben da ke hana yoyo. A ɗaure daidai, kada a yi masa ƙarfin da zai cinye zare. A ɗura sabon mai da famfo ko tiyo mai tsabta har ya fara dawowa ta bakin rami. A rufe. Pon ɗin ƙaramar motar kaya yakan sha tsakanin lita ɗaya da rabi da lita 3. Na babbar mota ya kan wuce lita 10.

Ku da kuka yi karatu, ga inda karatunku zai yi rana. Ku karanta jikin galan kafin ku biya. Ku nemi alamar GL-5, da lamba 80W-90 ko 90. Manyan motoci masu nauyi sukan sha 85W-140, wanda ya fi kauri. In an manna wa pon takarda mai haruffa LSD, yana son mai na musamman da ke ɗauke da haruffan nan. Ku sayi galan mai murfi a liƙe. Man da ake aunawa a kwalba a bakin tasha, ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Araha ba ta ado.

Kada a zuba man inji a pon, balle baƙin man da aka juye daga inji. Ya yi tsinke, ba zai iya da nauyin haƙoran nan ba.

Tsohon man da aka fitar guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a gona, ko inda dabbobi ke sha. Kada a shafa shi a gyambon dabba. A rufe shi cikin jarka, nesa da yara.

ALAMOMIN CIWO

Kuka daga baya mai ƙaruwa da gudun mota: mai ya yi ƙasa ko haƙora sun cinye.

Gurnani kamar na dutsen niƙa: yawanci boris ne.

Ƙara "ƙwas" in an tashi ko an sake giya: haƙora sun yi sako-sako, ko gaɓar farfela ta gaji.

Ƙas-ƙas a kan kwana kaɗai: ƴan ƙananan haƙoran ciki ne.

Danshin mai a bakin farfela ko a cikin taya: roba ta mutu. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, don man yana jiƙa birki, birki kuwa in ya sha mai ba ya kamawa. Motar da ke cike da mutane ba ta tafiya da irin wannan.

LISSAFIN KUƊI

Kuɗin mai da na kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya. Matatar SORAZ ta kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, tana ba mu fetur da gazuwal da gas na girki. Man giya da ƙarafan mota kuwa yawancinsu daga waje suke shigowa, ta tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, ko daga Najeriya, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Duk abin da ya taɓa iyaka ko darajar kuɗi, ya taɓa su. Manya sun tuna Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Mun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga takunkumin 2023. Don haka lambobin da ke biye misali ne na koyon lissafi. Ku tambayi kuɗin yau a Tasawa ko Mayahi, ku sa naku a wurinsu.

Mu ɗauka litar man giya jika 3 ce. Mu ɗauka pon ya sha lita 3. Jika 9 ke nan. Mu ɗauka zobe da ladan mai gyara jika 2. An tashi a jika 11 a shekara. In kat-kat ce, a ninka, a ƙara na akwatin tsakiya.

Motar nan mai kasuwa 5 a mako tana fita sau 260 a shekara. In an aje dala 10 kowace fita, a shekara an tara jika 13. Ya biya juye, har da saura. Dala 10 bai kai kuɗin motar fasinja ɗaya ba.

Yanzu mu juya. Mu ɗauka ba a juye ba, pon ya fashe da kaka. Mu ɗauka motar tana bar wa mai ita jika 10 kowace kasuwa. In ta yi mako 2 a gareji ana neman ƙarfe daga Maraɗi ko Kano, kasuwa 10 ta wuce. Jika 100 ta tafi tun ba a sayi ko noti ba. Kuɗin juyen shekara 9 ke nan. Sannan a ƙara kuɗin jawo motar daga daji, da kuɗin ƙarfe, da ladan gyara.

Gyaran pon hawa-hawa ne, kamar tsani.

Matakin farko: mai da zobe. Aikin rabin awa.

Na biyu: robar da ke tare mai. Ita kanta ba ta da tsada, amma sai an kwance.

Na uku: boris. Sai an sauke cikin pon, sai kuma gwani.

Na huɗu: manyan haƙora. Ƙaramin da babban tare ake sayensu, don tare aka goge su a masana'anta. In an haɗa na wannan mota da na waccan, kuka ba zai daina ba. Daidaita su kuma aikin mai gyara ne da ya ƙware.

Na biyar: pon sukutum, na hannu. Shi ya fi tsada, kuma sayen kifi a ruwa ne in ba a buɗe an gani ba. Ga kat-kat akwai ƙarin sharaɗi: dole yawan haƙoran na baya ya dace da na gaba.

Duk matakin da aka ƙi biya, shi ke haifar da na samansa. Robar da aka bari tana ɗiga ita ke shanye mai, rashin mai ya kashe boris, boris ya karya haƙora.

LITTAFIN MOTA DA ASUSU

In motar ta ƙungiya ce, ko ta gida ce da ƴan uwa suka haɗa kuɗi, rigima takan taso ran da aka ce a kawo kuɗin gyara. Maganinta tun yanzu ne. A sayi ƙaramin littafi a ba wanda ya iya rubutu. A ja layi 4: rana, abin da aka yi, irin mai da lita nawa, kuɗin da aka biya. Duk ran da aka duba ko aka juye, a rubuta, direba da ma'aji su sa hannu. A ware kuɗin gyara daga kowace fita kafin a raba riba, a ba ma'aji. Ran da za a sayar da motar ma, littafin nan zai ƙara mata daraja.

HALAYEN DA KE TSAWAITA RAN PON

In mota ta kafe, a ɗaga ƙafa daga wuta. Fasinja su sauka. A tone gaban tayoyi, a shimfiɗa rassa ko tsohuwar zana, a rage iskar taya kaɗan, a tura. In an fita kan hanya mai tauri, a mayar da iska.

Tayoyin baya biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya, ƴan ƙananan haƙoran suna ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya, kamar mota tana kwana ba iyaka.

Mai kat-kat ya cire ta daga ƙafa huɗu in ya hau kwalta, in irin wadda ake sawa da cirewa ce.

In an tarar da ruwa, a tsaya, yaron mota ya shiga da sanda ya auna zurfi. In da hanyar zagaye, a zagaya. In babu, a bar ƙarfe ya ɗan huce, a shiga a hankali.

Ku ma fasinja kuna da naku. In direba ya ce lodi ya isa, kada a matsa masa da "buhu ɗaya kawai". In kun ji kuka daga baya, ko kun ga mai yana ɗiga inda mota ta kwana, ku faɗa masa. Wanda ke zaune a baya ya fi direba jin kukan pon.

ABIN TUNAWA

A duba kowane wata. A juye kowace shekara da ɗaukewar ruwa. A duba bayan shiga ruwa mai zurfi. A sa man giya GL-5, ba man inji ba. A aje kuɗi kaɗan-kaɗan, a rubuta. Rigakafi ya fi magani.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna a ajinku ko a dandali: Mota ko babur nawa ke yi wa garinku jigila? Yaushe aka juye man pon ɗin kowace? Nawa litar man giya take a kasuwarku yau, kuma tiya nawa ce ta hatsi? Ku karanta wa direbobin garinku wannan takarda, ku yi lissafin tare da su, ku rubuto mana abin da kuka samu.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu kaka lafiya.